Mai Inna Bakwai

Ku ji min yaran nan! Kwana biyu kacal da zuwanku Tudun Wada har kun fara tsintar zancen bakin titi? Wa ya aike ku ku tambaye ni? Uwarku ba ta gaya muku ba a tsare babba da tambaya yana cin goro ba? Ke Bahijja, janye ƙafarki daga kan tabarmata. Kai kuma Zayyad, rufe bakin nan, ba da shi ake sauraro ba.

To, tunda har kun ji ana kiran kawunku Mai Inna Bakwai, gara ku ji daga wurina da ku ji a wurin Ɗanjuma mai shayi, wanda kowane labari sai ya zuba masa sukari cokali uku. Sau ɗaya zan faɗa. Wanda ya katse ni, na tashi.

Sunan kawun naku dai ba za ku ji shi a bakina ba, ɗan fari ne. Injiniya kuwa shi ya raɗa wa kansa, bayan ya yi sati uku a Kano yana koyon kwamfuta, ya dawo mana da jaka a baya da tabarau wanda ba na ciwon ido ba.

Mu goma sha biyu ne a ƙungiyarmu ta mata masu turara shinkafa, ni ce shugaba, don babu wadda ta kai ni daɗewa a gaban tukunya. A kakar shekarar nan sai wasu masu taimakon manoma suka aiko cewa za su ba da injin casa guda ɗaya, irin mai fitar da tsakuwa, ga ƙungiya ɗaya a duk yankin nan. Ku da kuke cin shinkafa a faranti ba ku san abin da wannan yake nufi ba. Mu buhu-buhu muke ɗora wa babur a kai Ƙafin Maiyaki, a yini a layi, a dawo mu zauna tsintar tsakuwa har ido ya yi ja. Matan Doguwa suna son injin, matan Bebeji suna so, na Kiru ma suna so. Sharaɗin ba wuya: takarda mai bayanin aikinmu, da sunan kowace mace, da hotonta a gefen sunanta. Ranar Alhamis jami'insu zai zo ya duba.

Barakatu, sakatariyarmu, ita kaɗai ce ta yi boko a cikinmu, kuma ita ce ƙarama. Ta ce, "Inna, mu kai wa Habu mai buga takardu a Dangora. Awa ɗaya ya gama."

Kawunku yana zaure yana jin mu. Sai ga shi ya shigo yana gyara tabarau.

"Habu? Habun da yake aiki da manhajar da wasu suka ƙera a ƙasar waje? Inna, kina da Injiniya a gida za ki kai aiki Dangora? Ni fa manhajar rubutu na ƙera da hannuna, tun daga tushe."

Gaskiya ne ya ƙera wani abu. Ya sa masa sunansa, don haka shi ma ba zan faɗa ba. Na ce, "Tana sa hoto?"

"Yanzu dai rubutu zalla take yi. Amma kwana huɗu ya ishe ni in koya mata rubutu mai kauri, da mai launi, da na kwance, da sa hoto. Za ki ga rubutu yana kewaye hoto kamar yadda ruwa yake kewaye dutse a rafi. Jami'in nan idan ya buɗe takardarku, sai ya tambayi wanda ya yi kafin ya tambayi shinkafa."

Barakatu ta ce, "Yaya Injiniya, mu inji muke nema, ba suna ba."

"Ke dai ki rubuto min sunaye, ki bar ilimi ga masu shi."

Na yarda. Kada wanda ya kalle ni. Uwa ce ni, kuma a gaban mutane ya roƙa.

Ranar Lahadi ya shimfiɗa kwamfutarsa a bencin Ɗanjuma, wai can ne sabis ya fi ƙarfi, alhali can ne 'yan kallo suka fi yawa. Akwai wani abu a cikin wayarsa da yake yi wa tambaya, abin ya zubo masa amsa doguwa, shi kuma ya kwafa ya liƙa ba tare da ya karanta ba. Kafin azahar ya aiko a kira ni in ga rubutu mai kauri. Na je. Ni ban iya karatu ba, amma na iya ganin abin da ya wuce kima. Harafi ɗaya ya cika fuskar kwamfutar, baƙi wuluk kamar gindin tukunya.

Na ce, "Wannan mene ne?"

"Farkon sunan ƙungiya ne, Inna."

"Sauran sunan fa?"

"Yana shafi na biyu zuwa na tara."

Ɗanjuma ya ce, "Injiniya, wannan ai ko daga Doguwa a karanta shi, ba sai jami'in ya sha wahalar zuwa ba."

"Kai dai ka ji da tukunyar shayinka. Ana gwaji ne."

Ya rage kaurin, sai duk haruffan nan namu masu lanƙwasa a ka suka koma 'yan akwatuna. Barakatu ta ce takardar ta zama kamar an watsa mata ashana. Ya tambayi abin cikin wayarsa, ya dawo ya ce ya gano magani: ya cire lanƙwasar gaba ɗaya, wai ƙawa ce kawai, turawa ma ba sa amfani da ita. Ya miƙa wa Barakatu ya ce ta karanta wa jama'a da ƙarfi, yana harɗe da hannu.

Ta karanta: "Mu mata ne masu kishin kasa."

Ɗanjuma ya ce, "Macijiyar? Allah ya raba mu da wannan kishi."

Ta ci gaba: "Muna maraba da baki."

"Wannan kam gaskiya ne. Duk Tudun Wada an shaida ƙungiyarku akwai baki."

Na harari Ɗanjuma. Barakatu ta tsaya, ta ƙi ci gaba. Kawunku ya ce, "Karanta mana!" Ta ce, "A cikinmu babu karya."

Sai wani ɗan acaba ya ce, "To wa ya ce akwai?" Har mai gyaran taya na tsallaken titi sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Ni ban yi dariya ba. Na ce wa kawunku ya mayar mana da lanƙwasarmu kafin la'asar, ko in mayar da kwamfutar murfin tulu. Ya mayar. Yadda ya yi ban sani ba, amma tun daga ranar sunan ƙungiyarmu ya koma kore, duk abin da ya danna ya ƙi canzawa. Ya ce da gangan ne, launin shinkafa a fadama.

Litinin aka shiga sa hoto. Ya fara da hoton babbar tukunyata. Tukunyar ta shigo ta zauna a kan rubutun gaba ɗaya, ba a ganin ko ɗigo. Ya ce mata ta matsa, ta tsallake ta koma shafin ƙarshe. Ya jawo ta, ta rabe biyu, baki a wani shafi, gindi a wani.

Na ce, "Ina ruwan da yake kewaye dutse?"

"Yana zuwa, Inna."

Da ya zo kuwa, sai rubutun ya matse a gefen tukunyar, harafi ɗaya a kowane layi, yana gangarowa kamar jerin tururuwa a bango. Barakatu ta ce kalma ɗaya sai ta sunkuyar da kai sau bakwai kafin ta gama ta. Ya ce laifin sabis ne. Ya hau babur ya tafi Ƙafin Maiyaki neman sabis, ya dawo ya ce laifin rana ne, kwamfuta ba ta son zafi. Aka ba shi mafici. Ranar Talata ya tafi garin Ƙofa wajen wani abokinsa da suka yi sati ukun nan tare, suka haɗa ilimi ya zama sati shida, ya dawo da tukunyar ta yi tsawo kamar turmi. Da yamma ta baje kamar faifai.

Barakatu ta zo ta same ni ina shanya. "Inna, jibi ne fa. Har yanzu Habu yana nan."

Kawunku ya ji. Ya dafe ƙirji. "Yanzu da na kusa? Na gano matsalar. Hotunan ne suke da nauyi, suna gajiyar da manhajar. Zan hana su fitowa a fuskar kwamfuta, in bar musu gurbi kawai, akwati fari. Kowane akwati in rubuta masa sunan hoton da zai zauna a ciki. Ranar bugawa kowane hoto ya taho ya shiga ɗakinsa."

Na ce, "Wato ba za mu ga komai ba sai an buga?"

"Haka manyan injiniyoyi suke yi."

Da ya ɓoye hotunan kuwa komai ya zauna lafiya, tunda babu abin da ya rage da zai yi tsalle. Ya zagaya gari yana nuna wa mutane fararen akwatuna goma sha biyu a jere, suna cewa ma sha Allah.

Laraba da hantsi aka yi ɗaukar hoto a tsakar gidan nan. Ya rataya farin zanen gadona a igiya, mata suka zo kowa da mayafin sallarta. To ku buɗe kunne, a nan abin yake. Duk hoton da ya ɗauka, sai ya tura shi cikin kwamfuta, ita kuma ta ce a ba shi suna. Ta farko surukarsa ce, uwar matarsa Muhsina. Barakatu ta leƙa ta ce, "Yaya Injiniya, sa masa sunanta na gaskiya, kamar yadda na rubuta a jerin."

Ya zare tabarau ya dube ta. "Ni? In rubuta sunan surukata tsirara da yatsuna? Ke aikinki ne, sakatariya ce ke, an yafe miki. Ni ina da tarbiyya." Ya rubuta Inna.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na ce a raina, ko ba komai yaron nan bai bar kunya a Kano ba.

Ta biyu ƙanwata ce, ita ma Inna yake ce mata. Ya rubuta Inna. Sai kwamfutar ta yi ƙara, ta fito da wata 'yar magana. Na ce, "Me take cewa?"

"Tambaya take wai na tabbata? Ji min na'ura da rashin kunya. Na tabbata mana!" Ya danna.

Ta uku Inna Wuro ce, Bafulatanar rugar bayan gari da take turara tare da mu. Ya rubuta Inna. Kwamfutar ta sake tambaya, ya sake dannawa. Haka aka yi ta yi. Mu bakwai yake kira Inna, huɗu yake kira Gwaggo, sai Barakatu da yake kira da sunanta don ya girme ta. Duk lokacin da na'urar nan ta yi ƙara, sai ya ce, "Na tabbata!" har mata suka fara taya shi faɗa. Ashe baiwar Allah cewa take yi, akwai wata Innar a ciki, in goge ta in sa wannan? Sau shida ta tambaya a kan Inna, sau uku a kan Gwaggo. Ni a rayuwata ban taɓa ganin abin da ya yi haƙurin kwamfutar nan ba.

Ni ce ta ƙarshe, don shugaba ba ta bin layi. Na zauna, na gyara ɗaurin kallabi, na ce ya ɗauka da kyau.

Alhamis da sassafe ya tafi Dangora bugawa, tunda duk ilimin nan nasa ba shi da firinta. Habu da bakinsa ya ba ni labarin daga baya. Ya ce takardun suna fitowa ya ga abin da ya gani, ya ce, "Injiniya, ka duba kuwa?"

"Habu, kai mai bugawa ne, ni mai ƙirƙira. Sa a ambulan ka liƙe."

"Wallahi da ka duba."

"Hassada dai ba kyau. Liƙe!"

Habu ya liƙe, ya rufe shagonsa, ya hau babur ya biyo shi a baya. Ya ce ko ranar kasuwa ce ba zai bari wannan kallo ya wuce shi ba.

A ƙofar gidan dagaci aka taru, ƙarƙashin dalbejiya. Jami'in, Malam Abdulmumini, siriri ne mai yawan shiru, irin mutanen da suke duba takarda da ɗan yatsa. Matan Doguwa sun zo da shugabarsu Ummulkhairi, wadda tun muna 'yan mata take ganin shinkafarta ta fi tawa fari. Matan Bebeji da na Kiru suna gefe. Kowa ya miƙa takardarsa fara, baƙin rubutu, hoto a liƙe da gam. Da aka zo kanmu sai kawunku ya miƙe, ba wanda ya kira shi.

"Ranka ya daɗe, kafin ka buɗe, ina so jama'a su sani: wannan takarda ba a yi ta da manhajar kowa ba. A nan Tudun Wada aka ƙera ta, kuma ga wanda ya ƙera." Ya nuna ƙirjinsa. Ɗanjuma, da ya bar shayinsa yana tafasa ya taho, ya tafa masa.

Malam Abdulmumini ya farke ambulan. Ya wuce koren suna, ya wuce tukunya, ya zo shafin hotuna. Ya duba takarda, ya ɗago ya dube ni. Ya sake duba takarda, ya sake dubana.

"Inna, ke ce Salamatu Idris?"

Na ce, "A'a."

"Ke ce Fatima Muzammil?"

"A'a."

"To ke ce Hamdiyya Habu?"

"Malam, ni ɗaya ce, kuma duk garin nan an san ni."

Sai ya juyo da takardar ya ɗaga ta sama. Jama'a, sai ga ni. Ga ni a sama, ga ni a ƙasa, ga ni a tsakiya, ni bakwai, kowace da kallabina da hararata. Hoton dai ya yi kyau, wannan ba zan musa ba. A ƙarƙashina ga Gwaggo Talle, wadda aka ɗauka a ƙarshe cikin masu sunan Gwaggo, har huɗu, ita kuma ta ƙifta ido lokacin ɗauka, duk huɗun barci suke yi. Barakatu ce kaɗai ta fito ita ɗaya, kanta a ƙasa, ƙafar mayafinta a sama.

Ummulkhairi ta ce, "Ikon Allah! Dama mun daɗe muna cewa aikin mutum bakwai take yi. Ashe albashin bakwai take nema."

Inna Wuro ta matso ta leƙa, ta ce, "To ni ina nawa? Na bar shanu babu tatsa na zo na zauna a gaban zanen gado."

Surukarsa kuwa, ta ja mayafi ta rufe fuska, wanda ya fi zagi ciwo.

Malam Abdulmumini ya ce, "Inna, kada ki ji haushi, amma mun saba ganin irin wannan. Mutum ɗaya ya zo da sunaye da yawa, ya ce ƙungiya ce, a ba shi inji ya sayar. Dokarmu ita ce mu ajiye takardar gefe." Ya ajiye ta gefe.

Ni! Ni da ko tsakuwa ɗaya ban taɓa bari a mudun mutum ba, a ce min mai ƙungiyar bogi, a gaban matan Doguwa!

Kawunku ya yi tsalle ya buɗe kwamfuta. "Ranka ya daɗe, ƙaramar matsala ce, hanyar da hoto yake bi ce ta harɗe. Minti biyu!" Ya tambayi abin cikin wayarsa, ya kwafa, ya liƙa, ya danna, ya juyo da fuskar kwamfutar ga jama'a ba tare da ya duba ba. "Ga shi nan!"

Ɗanjuma ya ƙirga da ƙarfi. "Goma, sha ɗaya, sha biyu. Injiniya, an samu ci gaba. Yanzu duk ƙungiyar Inna ce."

Gwaggo Talle ta ce, "Ni ma an kore ni ke nan?"

Sai kwamfutar ta yi wani ɗan kuka ta mutu, caji ya ƙare. Na tabbata da gangan ta yi.

Na miƙe. Na ce, "Malam, ni ban san takarda ba. Amma ga matan nan a zaune da ransu, kowace da katinta na ɗan ƙasa a ƙulle a bakin zane. Ka duba mutane ka bar takarda."

Malam Abdulmumini ya ce, "Kati ana aro, Inna. Amma ƙungiyar gaskiya ta san 'ya'yanta. Ga abin da za a yi. Zan karɓi katunan in riƙe. Wani daga cikinku ya tsaya, ba tare da duba takarda ba, ya nuna kowace mace ya faɗi cikakken sunanta. Idan sha biyun suka dace da kati da fuska, na karɓa. Idan ɗaya ta kuskure, shi ke nan."

Kafin in buɗe baki kawunku ya riga ni. "Wannan ai sauƙi ne! Ni na tsara takardar, duk suna kaina." Ya gyara tabarau ya tsaya a tsakiyar fili. Malam Abdulmumini ya nuna ta farko a layi. Surukarsa.

Ya buɗe baki. "Sa..." Ya sake gwadawa. "Sa... Sala..." Ya dubi ƙasa, ya dubi dalbejiya, ya dubi matarsa Muhsina da take tsaye a bayan mata tana zare masa ido. Sai ya durƙusa ya ce da ƙaramar murya, "Inna."

Mu bakwai muka ce, "Na'am."

Wallahi ba shiri muka yi ba, baki ne ya saba. Filin nan ya kece. Habu ya faɗo daga kan babur ɗinsa. Dagaci ya sa hannun riga ya toshe baki. A nan Ɗanjuma ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya ja zamanin Mai Inna Bakwai!" Kun ji inda sunan ya fito.

Malam Abdulmumini ya dubi Barakatu. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, rubutawa daban, faɗa daban. Duk iyayena ne." Ya fara tattara katunan zai mayar mana. Ummulkhairi har ta fara gyara mayafi.

Na ce wa kawunku, "Matsa." Ya matsa.

Na tsaya a inda ya tsaya. Matan nan babu wadda ban san ranar sunanta ko ranar da aka kawo ta garin nan ba. Na nuna surukarsa na ce, "Salamatu Idris, 'yar Idi mai rini." Ya duba kati, ya ajiye. Na nuna ta biyu, na faɗa. Ta uku, na faɗa, har da sunan rugar da aka haife ta. Ina faɗa yana ajiyewa, ba ka jin komai sai faɗuwar kati a kan tebur.

Da na zo kan Gwaggo Talle sai na tsaya. Talle laƙabi ne. Sunanta na yanka sunan uwar mijina ne, kakar uwarku, Allah ya jiƙanta. Shekara hamsin da biyu ban taɓa furta sunan nan ba, tana raye ko bayan ranta. Ko mai talla ce take da sunan, sai dai in ce ke mai gyaɗa. Duk matan da suke wurin sun sani. Ƙanwata ta ce a hankali, "Yaya, bari mu haƙura." Na tuna layin Ƙafin Maiyaki, na tuna idon Inna Wuro da ya fara mutuwa wajen tsintar tsakuwa. Na ce a raina, Allah ya jiƙanki, ke ma mai turara ce, kin san zafin abin. Na faɗa. Sau ɗaya, da ƙarfi, don kada a ce in maimaita.

Ya ajiye kati na goma sha ɗaya. Na juya zan zauna, sai ya ɗaga na ƙarshe ya ce, "Saura ke, Inna."

Na ce, "Malam, fuskata sau bakwai ka gan ta yau. Ba ta ishe ka ba?"

"Fuskar kam na haddace ta. Sunan nake jira."

Ga ɗana a durƙushe, ga surukai, ga dagaci, ga Ummulkhairi ta miƙo kunne kamar zomo. Rabin mutanen wurin an haife su sun tarar ana ce min Inna, ba su taɓa zaton ina da wani suna ba. Na faɗa masa a hankali. Ya ce bai ji ba. Ƙarya yake yi, ya ji, na ga gefen bakinsa yana rawa. Na faɗa yadda har mai gyaran taya ya ji. Ya ajiye katin, ya ɗauko takardarmu daga gefe, ya sa mata hannu. Ya ce Habu ya sake buga shafin hotunan kafin la'asar, kuma kada Injiniya ya matso kusa da shagon.

Bayan sati uku mota ta kawo injin. Ranar da aka sauke shi, kawunku yana tsaye a gaba yana nuna wa masu saukewa inda za su ajiye, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ba don takardarsa ta ja hankalin jami'in ba, da Doguwa aka kai. Wai a cikin takardu huɗu, tasa kaɗai aka ɗaga sama aka nuna wa jama'a. Wannan kuma gaskiya ne, ban iya ƙaryata shi ba.

Me? Me kika ce, Bahijja? Wane suna na faɗa? Lallai yarinyar nan! Inji guda aka ba ni kafin in faɗe shi, ke me kika kawo? Ku tashi ku ba ni wuri. Zayyad, ɗauke kofin nan daga hanya, ku wanke ƙafa ku shige ku kwanta, kuma wanda na ji ya je wajen Ɗanjuma da wannan tambaya gobe, shi zai share dussar injin har ku koma Kano.